Mahadi da Wayar Tsafe

Saboda Hafsat na ɗauki biro, 'yar ƙanena Mahadi, wadda shekararta uku lokacin da abin ya faru. Idan ta girma mutane za su ce mata an doki ubanta a gindin falwaya kamar ɓarawo. Gara ta ji abin da ya kai shi can daga bakin wadda ta goye shi.

A Kekun Waje aka haife mu, ƙasar Bungudu. Na girme shi da shekara tara. Tun yana ƙarami bai iya ganin abu a rufe ya ƙyale ba. Ya taɓa kwance rediyon Baba ya baje kayan cikinta a kan faifai, Baba ya zane shi da igiyar guga har bayansa ya fashe, ni na gasa masa da ruwan zafi. Yana kuka yana mayar da kusoshi. Da ya gama rediyon ta kama tashar da ba ta taɓa kamawa ba, Baba ya matsa da ita kusa da kunnensa.

Mahadi ya yi makarantar koyon sana'a a Gusau, ya koyi haɗa waya da buga tafireta, wani kamfanin sayen auduga ya ɗauke shi. Da mai gidana ya rasu na fita takaba, ban da ɗa a raye, Mahadi ya zo da a-kori-kura ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Yaya, tattara." Shi ke nan maganar da ya yi. Na koma gidansa a Tudun Wada, ni da matarsa Bara'atu.

Shekarun nan da aka ba mu jiha, Gusau ta cika da baƙi da gine-gine, ɓarayin waya kuma suka yi yawa. Su sare ta, su ƙone robar, su sayar da jan ƙarfen. Unguwa ta wayi gari ba wuta ba tarho. Mutane suka gaji, suka daina kai wanda aka kama wurin hukuma. Na gani da idona wata Laraba muna dawowa daga kasuwa ni da Mahadi. An kama wani da naɗin waya a cikin buhu. Kafin mu ƙaraso an kayar da shi, ana sauke masa duwatsu da itacen faskare. Wani mai nama ya sa ƙafa ya take masa wuya. Mutumin yana ɗaga hannu ɗaya sama, yatsun suna buɗewa suna rufewa, har suka daina. Mahadi ya kutsa yana cewa, "Ku bari a tambaye shi mana!" Wani ya juyo ya mangare shi a baki, haƙorinsa na gaba ya gutsure. Na ja shi da ƙarfi muka bar wurin. Tun daga ranar, duk safiyar da na ga ya saka filaya a aljihu sai gabana ya faɗi, don na san a ƙasar nan wanda aka gani a kan falwaya ba a tambayarsa sunansa.

Amma aikinsa na zaune ne, da wannan nake kwantar da hankalina. A shekarar casa'in da bakwai kamfanin ya kawo kwamfutoci, wani injiniya ya zo daga Kaduna ya koya wa Mahadi wata biyu ya tafi. Kamfanin yana da wurin awo biyu, ɗaya a Bungudu, ɗaya a bayan garin Tsafe ta hanyar 'Yankuzo. Mota ta hau babban sikeli, a ba direba takardar awo, sannan a sauke kaya. Manaja ya hana rubuta takardar da hannu, sai wadda inji ya fitar.

Ni ke kai masa abincin rana. Ranar farko da na shiga ɗakin na ga kwamfuta biyu a jikin bango, babu kowa a kujerunsu, amma wata 'yar kibiya tana yawo a fuskar ɗaya, baƙaƙe suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na yi a'uziyya na ja da baya, miya ta zubo mini a zane.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, aljanin nan kin san shi. Bashar ne, mai surutun nan da yac cinye miki dambu ranar suna."

"Bashar ba yana Tsahe ba?"

"Yana can. Hannunsa ne nan."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma na riƙe shi don sau da yawa na sake tambaya. Aikin duka a wannan ta Gusau ake yinsa. Ta gaban Bashar leƙe kawai take yi. Wannan tana aika masa hoton fuskarta ta wayar tarho, shi kuma duk abin da ya danna, da duk inda ya ja ɗan abin nan da suke kira ɓera, wayar ta kawo nan. Ba dukan hoton ake ta aikawa ba, sai wurin da ya canza. A tsakani akwai ɗan akwati mai fitilu ja, modem, ɗaya nan ɗaya can. In za su gaisa sai su yi wani ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse. Mahadi yana jin ƙaran zai ce, "Yau layi lafiya lau," ko ya ce, "Yau sai haƙuri." Bai cika kuskure ba.

Da na saba, ni ma na fara gane ranar wahala. Kibiyar sai ta tsaya, ta yi tsalle, ta sake tsayawa. Can wajen Bashar, in ji shi, hoton yakan riƙa saukowa layi-layi daga sama kamar ana saƙa tabarma. Mahadi yana da ƙa'ida: daga kusa ake farawa, a tafi nesa. Ya fara cire duk wani ado. Akwai hoton teku da jiragen ruwa da ya zo da injin, manaja yana sonsa, Mahadi ya share shi ya bar fuskar toka-toka. Manaja ya yi faɗa, ya ce masa, "Ranka shi daɗe, wayar nan siririya ce. Ko ta ɗauki teku ko ta ɗauki auduga." Ya rage launuka suka koma goma sha shida. Ya kashe wasu taurari da ke yawo in an bar injin shiru. In duk bai yi ba ya duba ko wani ya ɗaga ɗaya kan tarhon a ofishin manaja, ya sake igiya, ya sake modem. Layin waje shi ne na ƙarshe, kuma shekara biyu bai taɓa kaiwa can ba.

Bayan ƙaramar salla ta casa'in da tara, ana tsakiyar kakar auduga, layin Tsafe ya lalace. Bashar zai danna baƙi ɗaya, sai ya ƙirga goma kafin ya gan shi. Ana cikin aiki layin ya yanke, a sake kira daga farko. Motar da ake sallama kafin a sha kofin shayi ta koma cin rabin awa. Motoci suka yi layi har bakin titi, ga amalanke, ga jakuna, mutane sun kwana biyu a kan kayansu.

Ranar Lahadi Mahadi ya yi duk abin da ya saba, bai yi ba. Sai ya yi wata dabara, ya ɗauki injin Bungudu da modem ɗinsa ya sa a layin Tsafe, ya mayar da na Tsafe layin Bungudu. Bungudu ta ci gaba da gudu, Tsafe ta ci gaba da rarrafe. Ya ce mini, "To, ciwon ba a ɗakin nan yake ba." Ranar Litinin ina zaune Bashar ya bugo, muryarsa har inda nake. Direbobi biyu sun yi faɗa kan layi, ɗaya ya fasa wa ɗaya kai da jak. An jefo dutse ta taga gilashi ya yanke shi a kunci. Wani ya shaƙe masa wuyan riga ya ce in gobe bai ba shi takarda ba zai sa wa ɗakin wuta da shi a ciki.

"Mahadi, wallahi in ba ka zo ba, ka zo jana'iza. Kuma ka taho da dambu, don ba ni mutuwa da yunwa."

Talata da sassafe ya shirya. Ya zuba kayansa a buhun taki, filaya, salatif, igiya, da wani kan tarho mai 'yan maƙalai biyu da ake maƙalawa a jikin waya a saurara. Na ce masa, "Buhu za ka ɗauka?" Ya ce jakarsa modem ke ciki, kar ya bugu. Na ce, "Ka kira masu tarho mana." Ya ce daga cikin gari zuwa wurin awo, tafiyar mil huɗu, kamfani ne ya kafa falwayoyinsa, masu tarho ba su taɓa su. Na ce, "To ka bi ta wajen mai gari." Ya ce, "Yaya, ni za a koya wa wannan?"

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji shi, da bakin Bashar, da na wani makiyayi mai suna Sule.

A cikin gari ya saurari layin, tas yake. A wurin awo kuwa sai ƙara kamar ana suya. Ke nan ɓarnar tana tsakani. Ya samu Bashar ya kulle kansa, mutane suna dukan ƙofa da tafin hannu. Ta taga suka yi shawara: Bashar ya kira ofishin Gusau ya bar layin a buɗe, ya yi ta magana kar ya daina. Mahadi zai bi falwayoyin ɗaya ɗaya, ya maƙala kan tarhonsa, inda muryar ta canza nan ciwon yake. Bashar ya ce, "Yau dai surutuna ya yi rana."

Wayar ta ratsa gonakin wani ƙauye da ba zan kira sunansa ba, don akwai mutanen kirki a cikinsa. Al'adarmu ce, kuma Mahadi ya taso a cikinta: baƙo ba ya taɓa komai a ƙasar gari sai ya je zauren mai gari ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da mutum. Zauren yana can gefe, tafiyar rabin awa zuwa da dawowa, ga zaman gaisuwa, ga ruwan da za a kawo dole ka sha. Ya tsaya a mararrabar, in ji shi, ya dubi hanyar gari, ya tuna yadda ƙofar Bashar ke girgiza. Ya ce a ransa in ya gama zai biya ya ba da haƙuri. Bai san kwana shida kafin nan ɓarayi sun sare wayar injin niƙan garin ba, sun kuma sassare tsohon da ke gadinsa har ya mutu. Ɗan tsohon, Lawali, shi ne shugaban 'yan banga.

Mahadi ba shi da tsani. Da igiya yake hawa, yadda muke hawan giginya a gida. Ya hau falwaya sha ɗaya, biyu daga ciki ya samu mahaɗar waya ta yi tsatsa, ya yanke ya sake ɗaurawa, ya jefa guntayen a buhu don manaja ba ya yarda an yi gyara sai ya ga abin da aka cire. Ƙaran bai tafi ba. Wajen ta sha biyu ya tarar da Sule da shanunsa. Suka gaisa, Sule ya ba shi nono a ƙwarya, ya tambaye shi abin da yake nema. Da ya ji sai ya nuna wani gawo da sandarsa. Ya ce kwana huɗu da suka wuce ya sassaro wa shanu reshe, ya faɗa kan wayar, ya janye shi da ƙyar. Ya ɗauka tunda ba ta tsinke ba, ba komai.

Mahadi ya hau falwayar da ke kusa da gawon. Reshen ya ja wayar har mahaɗar ta saki, zare biyu kawai suka riƙe ta, iska na kaɗawa suna gogar juna. Ya yanke, ya feƙe bakin, ya murɗa sabuwa, ya maƙala kan tarho. Ya ce mini, "Yaya, sai na ji Bashar kamar a kafaɗata yake zaune, yana ba da labarin yadda surukarsa ke cin goro." Ya buɗe baki zai ce masa ya gwada injin.

Dutsen farko a bayan kunne ya same shi. Wasu mata masu itace ne suka hango mutum a sama da buhu a ƙasa, suka ruga gari. Na biyu ya same shi a hannu, igiyar ta kuɓuce, ya zamo, itacen ya kware masa fatar ƙirji da cinya, ya faɗo a kan kafaɗa. Kan tarhon ya saura yana lilo a doguwar igiyarsa, daidai tsayin mutum.

Sun kai su ashirin. Wani ya zazzage buhun, filaya da guntayen jan ƙarfe suka zubo.

"Ga shi nan! Ga shaida!"

"Ɗan kamfani ni ke, ku tsaya in—"

"Ina motarka? Ina tsaninka? Wa ka gaida cikin garin ga?"

Lawali ya sauke masa gora a baya. Sauran suka rufe shi. Suka karya masa hannun dama wuri biyu don da shi yake kare kansa. Wani ya riƙa dukan gwiwarsa da ƙotar fartanya yana cewa, "Da wagga ka hau, ko?" Suka taka haƙarƙarinsa, jini ya fito ta hanci da baki. Mahadi ya ce yana jin wani yana kiran a kawo taya, wani yana cewa a'a, a kai shi inda aka kashe tsoho a yanka shi can.

Sule ya taho da gudu yana ihu, "Ba ɓarawo ba ne! Ni na nuna mishi wurin!" Aka ce ashe tare suke, wani ya kai masa sara da adda a damtse. Duk da haka ya faɗa kan Mahadi ya rufe shi da jikinsa, sanduna suna sauka a bayansa. A nan ƙasa ya ji wata 'yar murya tana fitowa daga abin da ke lilo. Bashar ne. Yana jin komai ta wayar da aka gyara, yana kururuwa har muryarsa ta dushe.

Sule ya ce, "Lawali, don darajar mahaifinka, sa abin can a kunne. In ƙarya ni kai, ka fara da ni."

Lawali ya tsaya yana haki. Ya kamo kan tarhon kamar mai kama maciji, ya kai kunne.

"Wa ke nan? Wa ke nan, don Allah?"

"Lawali ne. Kai wane ne?"

"Lawali na gidan mai gadi? Bashar ne na sikeli! Kai, motar ƙanenka na nan ta bakwai a layi! Mutumin da kuke kashewa shi ya zo gyara, don a sallame ku! Mahadi ne, Lawali, Mahadi!"

Lawali ya saki gorar ta faɗi. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ku tsaya. Kowa shi tsaya. Mun yi ɓarna." Ya miƙa wa na kusa da shi ya ji, wannan ya miƙa wa wani. Sule ya mirgina gefe yana riƙe da damtsensa, Mahadi ya yunƙura ya ɗago kai.

A lokacin ne wani daga baya, wanda ya ji duk abin da aka faɗa, ya matso ya sauke masa taɓarya a tsakiyar kai. Sau ɗaya. Ya yar da ita ya shige cikin mutane.

Lawali da kansa ya saɓa shi har bakin titi. Direban da ya yi rantsuwar ƙona ɗakin Bashar shi ya fita daga layi ya ɗauko shi, suka kwantar da shi a kan buhunan auduga. Da na gan shi a asibiti ban gane fuskar ba sai da na ga guntun haƙorin. Audugar da ke manne a rigarsa ta zama ja, ta bushe, sai da almakashi aka cire.

Kwana tara ya yi. Hankalinsa yakan dawo da hantsi, ya yi magana sarai, sannan ya tafi. A cikin waɗannan safiyoyin ya ba ni labarin nan gutsure-gutsure. Ya tambayi hannun Sule, aka ce an ɗinke. Ya tambayi Bashar ko layi na gudu, Bashar ya ce kafin la'asar ranar aka sallami mota talatin, ya faɗa yana kuka. Mahadi ya ce, "To mi ne na kuka? Ka dai sa a naɗe mahaɗar da salatif kafin damina, ban kai ga naɗewa ba."

'Yan sanda sun zo sun ɗauki mutum shida, aka yi ta tambayar wa ya yi bugun ƙarshe. Duk garin suka ce ba su gani ba. Sule yana kwance a ƙasa lokacin, ƙafafu kawai ya gani. Lawali ya zo asibiti sau uku, ba ya wuce bakin ƙofa, ya rantse mini da Alƙur'ani cewa lokacin bugun idonsa na kan tarhon.

Rana ta takwas na ga numfashinsa ya canza. Na matsa na ce, "Mahadi, ka yafe musu, ka tafi da sauƙi."

Ya ce, "Lawali na yafe mishi, ubansa anka kashe. Waɗanda sunka doke ni ba su sani ba, na yafe. Ni ma na yi laihi, na wuce zaure." Ya huta. "Amma wanda yaj ji, sannan yad doka, Yaya, ban iya ba. Na gwada. Ki roƙa mini Allah Shi ba ni iko."

Na roƙa, a wurin, da ƙarfi yadda zai ji. Leɓensa yana motsi tare da nawa. Ban sani ba ko ya samu ikon, don bai sake magana ba sai kalmar shahada da na laƙƙana masa washegari bayan azahar, Bara'atu tana riƙe da ƙafafunsa. Shekararsa talatin da huɗu.

Hafsat, ubanki ke nan. Mutumin da ya yi bugun har yau ba a san shi ba. Nakan je Tsafe ranar kasuwa sayen daddawa, maza su gaishe ni, "Sannu Inna," in amsa wa kowa da kyau, in dubi hannunsa. Addu'ar da ubanki ya sa ni, ina yi masa ita bayan kowace salla, kuma na fara haɗawa da kaina. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan.